Fitilun Sama

Na taɓa mallakar mota tawa ta kaina, tsohuwar bashe, wato mai buɗaɗɗen baya, mai jan ƙafa huɗu, irin wadda muke ce wa kat-kat. Ba kyakkyawa ba ce. Ƙofar direba da igiya nake ɗaure ta, kujerar kuwa buhu ne aka ninka a kan ƙarfe. Amma a rairayin da ke tsakanin Tasawa da Urafan, da wanda ya bi ta Kanan-Bakashe, babu motar da ke shan gabanta, kuma duk wanda ya yi mini musu a kan wannan, har yau sai mun ɓata. Aikina shi ne kai 'yan kasuwa da kayansu kasuwannin mako, in dawo da su. Da ita nake ci da iyalina.

Shekarar da fari ya dawo karo na biyu, soja ne ke riƙe da ƙasa. Gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya ƙone a tsaye. Kasuwannin da nake bi suka koma wurin sayar da dabbobin da ba sa iya tsayuwa da ƙafafunsu, da tabarmi, da kwanonin aure. Mata suka shiga daji neman 'ya'yan anza da ƙarangiya, abincin yunwa. Daga nan mutanen ƙauyukan arewa suka fara tasowa da ƙafa, suna nufo Tasawa, saboda an ce ana rabon dawa a can.

Wanda bai taɓa tuƙi a rairayi ba, bari in gaya masa yadda abin yake. Da rana ba a tafiya mai nisa a lokacin zafi, don yashi ya saki jiki, ruwan mota kuma yana tafasa kafin ka je ko'ina. Sai kasuwa ta watse, an yi magariba, ƙasa ta ɗan huce, sannan a kama hanya. Kuma tudun rairayi ba a hawansa da lallaɓawa. Ka taho da gudu ka haye, ko ka kafe a tsakiya, fasinja su sauko suna turi suna zaginka. Matsalar ita ce, lokacin da mota ke hawa, fitilunta sama suke kallo. Sai hancinta ya sunkuya kake ganin abin da ke cikin kwarin da ke gabanka, a lokacin kuwa ka riga ka iso kansa.

Da can abin da muke tsoro a kwari bai wuce jaki ko raƙumi a gurfane ba. A shekarar nan sai ya zama mutane. Masu tafiyar ƙafa idan suka gaji, a kan sawun mota suke kwanciya. Kada wani ya ce wauta ce. Nan ne kaɗai babu ƙaya da ƙarangiya, yashin yana da laushi, kuma cikin kwari iska ba ta dukan yara. Wasu kuma da gangan suke yi, don kada mota ta wuce su ba ta tsaya ba.

Wani abokin aikina, wanda muka koyi tuƙi a hannun ubangida ɗaya, shi abin ya fara faɗa wa. Ya gangaro wani tudu bayan Urafan, ya hau kan wata mata da goyonta. Mutumin nan ko kaza bai taɓa takawa ba. Hukuma ta bincika ta sake shi, ta ce ƙaddara ce. Shi ne bai saki kansa ba. Na je gaishe shi na tarar da shi zaune a zaure, ya zuba wa hannayensa ido. Bai ƙara taɓa sitiyari ba har ya koma ga Allah.

Daga gidansa gareji na wuce. Akwai gawar wata babbar mota da ta daɗe a can, na sa aka ciro mini fitilunta biyu, manya masu faɗin faifai. Aka yi musu ƙarfe a kan rufin motata, aka sunkuyar da su suna kallon ƙasa, aka ja waya zuwa batir. Daren farko da na gwada su, ina kaiwa kan tudu sai ga kwarin gaba ɗaya a buɗe, har sawun awaki ina gani. Na yi hamdala da ƙarfi har fasinja suka yi dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. A bakin Tasawa, inda hanyar rairayi ke hawa kwalta, akwai shingen jandarmomi. Suka tsayar da ni, suka kewaya motar suna ɗaga kai.

"Kai, wanga mine ne? Jirgi ka saya?"

Na ce fitila ce.

Suka ce doka ba ta yarda da ƙarin fitila a saman mota ba, tana kashe wa mai tahowa ido. Ban yi musu gardama a kan wannan ba, don gaskiya ne. Ni ma an sha dallare ni a kan hanyar Maradi har in rasa inda kwalta ta ƙare. Na ce musu a kwalta ba na kunnawa, ta jeji ce. Suka ce su ba su san abin da zan yi ba idan na ba su baya.

Na koma gida ina huci. Matata ce ta kawo dabara, tana yi tana mini tsiya. Ta ɗauko ƙorai biyu, ta huda bakinsu, ta zura igiya.

"Tun da ka yi wa mota idanu a ka, sai ka yi mata hula," in ji ta.

Haka na riƙa yi. Ina isowa kusa da shinge sai in tsaya, in hau rufi, in kife kowace fitila da ƙwarya in ɗaure. Jandarmomi suka sha dariya, suka ɗaga mini sandar shingen na wuce. 'Yan tasha suka sa wa motar suna mai ƙorai. Ban damu ba, su kira ta abin da suka ga dama.

A watannin nan fitilun sun nuna mini abin da ban so gani ba. Tsofaffi da yara, mata da tukwane a gefensu, wani lokaci Buzaye da suka rasa dabbobinsu kaf, sun rage daga su sai rawani. In na hango su sai in kauce, ko in tsaya a gangare inda mota za ta iya sake tashi. Wanda wuri ya samu in ɗora shi a kan kaya.

Wata ranar kasuwar Kanan-Bakashe, muna dawowa bayan magariba, na haye wani dogon tudu sai ga mutane a kwance sun gicciye hanya, gida guda. Na taka birki, na sauko raina a ɓace, don na tabbata sun ji ƙarar mota tun daga nesa. Na nufi dattijon cikinsu.

"Baba, ba ku ji mota ba? In da wani ne fa?"

Ya ɗago kai da ƙyar, ya kare ido da hannu.

"Mun jiya, ɗana. Mun hangi hitilar sama tun daga wancan tudu, munka san kai ne. An ce muna mai hitilar sama shina gani, ba shi taka mutane. Shi ya sa ba mu wahal da yara ba."

Ashe labari ya bazu a ƙauyuka. Ashe mutane sun daina jan jiki su bar hanya idan suka ji ƙarar motata, sun dogara da ni. Ƙarar bashe ɗin nan kuwa ba wanda bai san ta ba a yankin, salansarta ta daɗe da fashewa. Na tsaya ina tunanin ranar da za su ji wannan ƙara, su ci gaba da kwanciyarsu, alhali babu komai a kan rufin. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na kwashe su na kai su Tasawa.

Ba a jima ba aka kawo sabon shugaban jandarmomi. A lokacin an rufe iyaka, ana farautar 'yan fasa-ƙwauri, kuma an ce su ma irin waɗannan fitilu suke sawa suna ratsa daji. Umarni ya zo daga sama cewa duk motar da ba ta hukuma ba, a cire mata. Zamanin soja idan aka ce daga sama, ba a tambayar wane ne saman. Wata safiya na iso shinge da ƙoraina a ɗaure, aka ce in sauko. Suka kwance fitilun a gabana, suka karɓi farmi, wato takardar izinin tuƙina, aka tasa ni zuwa birgad, wato ofishinsu.

Shef ɗin, wato sabon shugaban nasu, dogon mutum ne, ba mai hayaniya ba. Ya sa aka ajiye fitilun a kan teburinsa, farmina a gefe. Na yi masa bayani tun daga tudu har kwari, na gaya masa maganar dattijon nan. Ya saurare ni har na gama, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sannan ya ce shi ma ya taɓa kwasar gawarwaki a kan kwalta, motar haya ce ta faɗa rami saboda wani ya dallare direbanta da irin wannan fitila. Ya ce ƙwarya ba doka ba ce, igiya ce kawai, kowa na iya kwancewa.

Na ce, "Shef, ranka ya daɗe, dokar nan a kan kwalta anka rubuta ta. Wanda ya rubuta ta bai taɓa gangara tudu da dare ba. Ka shigo motata yau, in ka ga ƙarya nike, ka hwasa su da kanka."

Wani ƙaramin jandarma ya daka mini tsawa, ya ce in san da wanda nake magana. Na ce na sani sarai, shi ya sa nake faɗa masa, don shi ke da ikon gyarawa. Bakina ya ja mini kwana a ɗakin tsaro, ni da sauro.

Da gari ya waye aka sake kai ni gabansa. Ya ce ba zai iya barin mota mai fitilun sama ta hau kwaltarsa ba, kuma ba zai ɓata lokacinsa yana bin tuddai ba, abin da ke bayan tudu ba ya ganinsa. Ya nuna teburin.

"Ɗaya za ka ɗauka, ɗaya ya zauna nan."

Na san abin da yake tsammani. Kowane direba farmi zai ɗauka, don shi ne abincinsa. Ba tare da shi ba babu Maradi, babu shiga tasha, babu lodin dawar agaji da ake ba masu mota, wanda a shekarar shi ne kaɗai aikin da ke da tabbas. Na dubi takardar nan da na sha wuya kafin in same ta, hotona na saurayi a manne. Na sa hannu biyu na rungumi fitiluna.

Ya ce, "Ka yi tunani."

Na ce, "Na yi shi jiya, sauro bai bar ni na yi barci ba."

Matata ba ta yi mini tsiya ba a ranar, kuka ta yi. Ta ce yaranmu fa, su ba mutane ba ne? Tana da gaskiya. Mun ji jiki a shekarar nan. Mu ma mun ci anza a gidana, ni da nake da mota.

Na mayar da fitilun inda suke, ƙorai kuma matata ta karɓe abinta. Na daina hawa kwalta. Sai in tsaya a bayan gari inda rairayi ya ƙare, a gindin wani gawo, amalanke su kwashe kaya da fasinja su ƙarasa da su kasuwa. Jandarmomi suna hango ni daga shinge, ni ma ina hango su. Da magariba in juya, in kunna fitiluna duka, ban ƙara ɓoye su ba. Wasu fasinja sun guje ni, sun ce wahala ta yi yawa. Wasu direbobi suka ce taurin kai ne zai kashe ni. Na ce to, ya kashe ni ni kaɗai.

Bayan an samu damina mutane suka koma garuruwansu, hanya ta zama ta jakuna kamar da. Aka canja wa shef ɗin wurin aiki. Na je neman farmina, wanda ya gaje shi ya ce sai na tsaya gaban mutanensa na amsa cewa na yi laifi, na nemi afuwa. Na tambaye shi wane laifi. Ya ce na sani. Na ce wallahi ban sani ba, na sa takalmina na fito. 'Yan uwa sun yi ta lallashina, sun ce kalma ɗaya ce, faɗa ka wuce. Na ƙi, kuma da za a sake tambayata yau, ƙi zan yi.

Motar ta ci gaba da bin rairayi har injinta ya gaji, na sayar da ita ga masu gyara, na koma gona. Ban ƙara tuƙi a kan kwalta ba. Yanzu idan zan je Maradi sai in shiga motar haya a cusa ni a baya, yaron da bai kai ɗana ba yana tuƙi, ina jin yadda yake azabtar da giya ina cije baki. Wani lokaci abin yana mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba, don ina son tuƙi kamar raina. Amma na bi tuddan nan tun daga farkon yunwar har ƙarshenta, mutane na kwance a kan hanyata, kuma ban taka ko ɗaya ba.