Kwamfuta Ta Sallami Yaya Sani

Jama'a, yau kwamfuta ta ce an saki yayana, alhali yana tsare!

Kun san Yaya Sani yana gidan yari tun rikicin gonar nan. Yau aka ce za a kira ƙararsa. Na ɗauko Inna daga Baure muka shigo Daura. Kotu ta canza, wallahi! Sababbin kwamfutoci ko'ina. Muka zauna har aka tashi, ba a kira sunansa ba.

Na je wajen rajistara. Ya danna, ya danna, ya ce, "Ai an sallame shi tun kafin azumi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya na kai masa abinci!"

Ya ce, "Abin da na'ura ta nuna ke nan. Masu gyarawa kuma kwangilarsu ta ƙare."

Muka ruga gidan yari. Ganduroba ya ce ba umarnin alƙali, ba fita. Alƙali kuwa babu ƙarar a gabansa!

Aka fito da Yaya yana murmushi. Ya ce, "Inna, me alƙali ya ce?"

Inna ta rufe fuska da mayafi.