Amsar da Sai Gobe Ya Riƙe

Sai Gobe yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in aka ce in nuna wanda ya fi kowa iya ƙona min rai a duniya, ba sai na yi dogon tunani ba. Gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, inda mutum biyu ba sa tsayuwa sai ɗaya ya karkace. Shekara ashirin da shida yana nan, ɗan gilashi maƙale a idon dama, hantsaki a hannu, kai a sunkuye. Masu kawo masa aiki ne suka laƙaba masa sunan. Ko batir kawai ya canza maka, ba zai miƙo maka agogonka ba. Zai rataye shi a ƙusa ya ce, "Ka dawo gobe, in ga ko yana riƙe lokaci." Mutane suna yaba masa a kan haka. Ni kuwa wannan halin ne ya raba ni da shi.

Lokacin da Mama ta kwanta ciwo shi ne a gida tare da ita, ni ina koyarwa a wani gari mai nisan awa biyar a mota. Ranar Litinin likita ya gaya masa ciwon ya yi nisa. Bai kira ni ba. Ya tsaya sai an sake gwaji a wani asibitin, wai kada ya tayar mana da hankali a banza. Ranar Alhamis sakamako ya fito, ya kira, na iso bayan ta cika da awa biyu. Daga ranar ko ci kanka ban sake ce masa ba, har wata goma sha huɗu.

Auta, ƙanwarmu, ita ce ta gaji da zama tsakaninmu. Ta samo wani wasan neman taska a waya, ta saka mu ba tare da ta tambayi kowa ba: ni, da ita, da mijinta direban motar haya, da Yaya. Wasan ƙofofi goma ne. Kowace ƙofa tana da hoto ko taswira ko lambobi, ku haɗa kai ku warware, ku shigar da amsa, ta gaba ta buɗe. In amsar ba daidai ba ce a kulle ku awa shida. Tawagar da ta fara buɗe ta goma ita ce da taskar, wadda ba komai ba ce illa hoton akwati da sunanku a saman allo. Ni aka ba wa aikin shigar da amsa.

"Wannan ne ƙoƙarina na ƙarshe, Anti," in ji Auta a waya. "In ya watse, wallahi na cire hannuna. Ku mutu ba kwa magana."

Na yarda don ita, ba don shi ba.

Abin haushin, ya iya wasan. Idon da ya saba da ƙananan abubuwa ba ya barin komai ya wuce. Direba zai yi ta jefo amsoshi barkatai daga tasha, Auta ta yi ta turo hoton da ta zagaye da jan layi, ni ina lissafi a bayan takardun ɗalibai, shi kuwa ya yi gum. Sai washegari da safe a ga saƙonsa, layi ɗaya, kuma daidai.

Na taɓa rubutawa a zauren hirar tawagarmu, ba tare da na kira sunansa ba, "A tambayi mai agogo tun yaushe ya san amsar."

Ya ce, "Tun jiya da rana."

"To me ya riƙe ta?"

"Sai da na tabbatar."

Na kife wayar a kan tebur har malamin da ke kusa da ni ya ɗago. Duk da haka muka yi ta hawa, muka wuce tawagogi fiye da ɗari uku, muka iso ƙofa ta goma mu da wata tawaga ɗaya kacal.

Ranar Asabar ƙarfe tara na safe aka saki hoton ƙarshe, kuma da na gan shi sai da na yi dariyar mugunta. Cikin agogo ne a buɗe, faifai huɗu masu haƙora suna cizon juna, ana tambayar sau nawa na ƙarshe zai juya in na farko ya juya sau ɗaya. Ai wannan an kawo mana har gida. Direba ya rubuta, "Yaya, ga ranarka!" Auta ta yi ta kiran wayarsa ba ya ɗauka. Goma ta yi, sha biyu ta yi. Ɗaya daga cikin fayafayan rabinsa ya ɓoye a ƙarƙashin wani ƙarfe, mu ba mu iya ƙirga haƙoransa ba. Ƙarfe biyu da minti goma sunan waccan tawagar ya hau saman allo. Uku saura kwata saƙonsa ya shigo, lamba ɗaya tilo. Daidai ce.

A lokacin an riga an dawo da ni aiki garinmu, don haka mayafi kawai na ja na nufi shagon. Na same shi da wani tsohon agogo a warwatse a kan farin ƙyalle.

"Yaushe ka sani?"

Ya cire gilashin daga idonsa. "Sannu da zuwa, Malama."

"Ban zo gaisuwa ba, Yaya. Yaushe ka sani?"

"Tara da kwata. Na san irin agogon, na san faifan nan haƙora sittin da huɗu ne da shi. Amma ban gani da idona ba. Sai na nemo irinsa a durowa, na buɗe, na ƙirga."

"Awa biyar da rabi kana ƙirga abin da ka sani!"

"In na faɗa ya zama ba haka ba fa? A kulle mu saboda ni."

Nan fa na buɗe masa wuta, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Mai sayar da katin waya na gefe ya leƙo ya koma. Na ce masa matsoraci ne, ya gwammace kowa ya yi asara da a ce shi ya yi kuskure. Na ce masa ba tabbatarwa yake yi ba, kansa yake wankewa.

"Ranar Litinin ɗin nan," na ce, "da ka kira ni, da na zo na tarar likita ya yi kuskure, Mama tana zaune tana faɗa da mu, me na rasa? Da na yi tafiyar banza ina murna! Kwana uku ka ci min, Yaya. Nawa ne, ba naka ba."

Ya ɗauki hantsakin, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ko kaɗan bai ba ni tausayi ba. Na fita na bar shi da tarkacensa.

Bayan sati uku aka buɗe sabon zagaye. Na gaya wa Auta ƙiri-ƙiri, in ya sake riƙe mana amsa sau ɗaya tak, zan fita, kowa ya kama gabansa. Ta ce ta ji.

Ƙofar farko taswirar wani gari ce da aka ƙirƙira, ana son yawan gadojin da ke kan kogin. Ina ofishin malamai, na ƙirga sau biyu na samu goma sha biyu, ɗaya ta laɓe a ƙarƙashin rubutu. Kafin in rubuta wa sauran, minti bakwai da sakin hoton, saƙonsa ya shigo.

"Goma sha ɗaya. Ban duba ba."

Na daɗe ina kallon kalmomin nan. Mutumin da bai taɓa sakin ko batir ba sai ya kwana, yau ya turo min abu ɗanye, kuma kuskure. Na shigar da goma sha ɗaya. Allon ya yi ja, aka kulle mu awa shida.

Direba ya haukace, ya turo saƙon murya har uku yana cewa an mayar da shi ɗan iska. Auta ta kira ni.

"Anti, ke fa malamar lissafi ce. Ba ki ga sha biyu ba ne?"

"Na gani."

"To don me kika saka tasa?"

Ban yafe masa ba, kuma ban san ranar da zan yafe ba. Amma abin da nake nema a wurinsa tun rasuwar Mama ke nan, ya faɗa min da wuri ko da ba daidai ba ne, in ɗauki asarar da kaina. Na ce wa Auta ta kashe wayar, ina da aji. Kafin in shiga na rubuta masa, karon farko kai tsaye, "Ba daidai ba ce, Yaya. Gobe ma ka turo da wuri."