Askar da Ta Juya Baya

Ko nawa zan tsufa, ranar da na daddatsa zanen kakana ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina sabon malamin firamare a Rogo Sabon Gari, ina koyar da aikin hannu, ga ɗoki ga rawar kai. Nakan sassaƙa zanen riguna a katako, in shafa shuni in buga a takarda, sannan in liƙa ƙyallaye da guntayen takardu a kai da ƙaro.

Kawuna maɗinkin babbar riga ne a Jajaye. Wata Juma'a na kwaso tarkacen rumfarsa ba tare da na tambaya ba. A ciki akwai wata tsohuwar takarda mai zanen aska takwas, wato adon ƙirjin riga. Na kwafe zanen a katako, ita kuma takardar na bi ta da almakashi na liƙe a aikina.

Bayan kwana uku sai ga kawu a kan keke. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Ɗan nan, ba ka ga takardar Malam ba? Ita kaɗai ya bar mini, da ita nake fitar da kowace riga."

Malam shi ne mahaifinsa, kakana, wanda ya rasu tun ina goye. Na faɗa masa gaskiya, na ɗauko takardar da na buga da katakon. Ya duba ya girgiza kai.

"Ai wannan askar ta juya baya. Wa zai sa riga da aljihu a dama?"

Wai ni mai koyar da bugu, na manta katako a juye yake fitar da zane! Sai kawu ya ce a kawo man gyaɗa. Ya shafe takardar, ya kifa ta, ya ɗaga ta saitin rana. Sai ga zanen ya fito ta baya, kowace aska a mazauninta.

"Hannun Malam ne," in ji shi a hankali. "Alhamdu lillahi."

Tun daga ranar ban ƙara kiran kayan wani tarkace ba sai na ji daga bakin mai shi, domin abin da na gani tsohuwar takarda, a wurin kawu mahaifinsa ne.