Na Yi wa Matata Maganin Doki

Yau wata tara da kwana shida rabona da Daura. Rabona da shafin nan ma kusan haka ne. Masu tambayar ina hotunan kilisa suka shiga, ga amsarku.

Ina Zariya ina jinyar matata Hajara. Sankarar mama ce.

Wanda ya san ni ya san sana'ata, horar da dawaki, gadonta na yi. A shigo da ɗanyen doki ta iyakar Kongolam, wanda bai taɓa ganin linzami ba, in mayar wa mai shi yana bin hannu. Ƙafar doki kuwa, shafa ɗaya zan yi in gaya maka inda ciwo yake. Da wannan hannun nake taƙama.

Wata safiya ina jiƙa dusa ta leƙo ta ce, "Baban Nana, in ka gama zo ka taɓa nan, wani ƙullutu nake ji."

Na taɓa. Babu ɗumi. Na danna, ba ta ji zafi ba. A jikin doki, kumburin da ba ɗumi, ka danna bai zabura ba, ba ya ɗaga mini hankali. Haka na gaya mata. Na ce ruwan zafi da kanwa safe da yamma, a bi da man kaɗanya.

Ta yi dariya ta ce, "To ni ma na shiga barga ke nan? Saura ragama."

Wata bakwai muka yi a haka. Ni nake dafa ruwan da kaina. Sau biyu ta ce ko mu leƙa asibiti, na ce ta bari in rage aiki. Lokacin dawaki goma sha ɗaya ne a turke, huɗu nawa, bakwai na mutane.

Sai da fatar wurin ta fashe muka tafi Katsina. Aka yanki tsoka aka kai gwaji, sati uku muna jira, sannan aka turo mu nan.

Likitar ta tambaye ni yaushe aka fara jin ƙullutun. Na faɗa mata. Ta ajiye biro ta ce, "Malam, ai wanda ba ya ciwon shi muka fi tsoro." Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Aka yi aiki aka cire. Sai kemo, maganin sankara na ƙarin ruwa, duk bayan sati uku, in jininta ya kai. In bai kai ba, in fita neman mai ba da jini. Layi tun hantsi bai fito ba, kati, gwaji, sai a rataya mata ledar magani. Amai kwana huɗu. Gashinta a cikin ɗankwali ya ƙare.

Kada ku tambaye ni kuɗi, ni da doki nake aunawa. Aikin ya ci dokina Akawal. Kemo ya ci Kili, ya dawo ya ci goɗiyata, ta tafi ta bar ɗanta.

Bargar na bar wa yayana, Yaya Sani. Manomi ne, harawa da ruwa bai taɓa fasa musu ba. Amma dokin da ke cikin horo kullum yake son hannu, in ya yi sati biyu ba a hau shi ba sai ya koma ɗanye. Masu dawaki suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Wani Alhaji na Mai'adua, shekara goma sha biyu muna tare, ya kira ya ce, "Malam Isa, wallahi ba don komai ba, dokin nan ya fara cizo." Na ce, "Gaskiya ne Alhaji, a zo a ɗauka." Ya aiko wa yarana buhun gero.

Na ji haushinsu, har yau ina ji. Amma da nawa ne ni ma kwancewa zan yi.

Makon jiya aka yi hoto. Ciwon ya kai ƙashin baya. Likita ta ce abin da ya rage shi ne maganin rage zafi, sauran yana wurin Allah.

Da muka fito Hajara ta ce, "Baban Nana, mai da ni gida. So nake in riƙa farkawa da haniniyar doki." Na tsura wa hannuna ido. Ta ce, "Kuma ka daina kallon hannun nan naka haka. Ai ni ma na yarda da shi."

Ta yafe mini. Ni ne na kasa.

Na gode wa ma'aikatan jinya da suka san sunanta ba sai sun duba kati ba, da ɗaliban da suka ba ta jini ba su san mu ba, da Yaya Sani. Allah Ya saka muku da alheri.

Maza 'yan'uwana, duk abin da kuka ƙware a kai, jikin matanku ba ya ciki. In ta ce taɓa nan, ko ba ya ciwo, a satin ku je asibiti. Kada ku jira aiki ya ragu.

Jibi za mu hau mota. Ku sa ta a addu'a.

Na kira Yaya Sani na ce ya duba mini abin da na tsira da shi. Turke goma sha ɗaya, goma ba komai a jikinsu. Sirdi biyu. Linzami uku. Ɗan goɗiyar nan guda ɗaya, ba a taɓa hawansa ba.

Ya ce yana haniniya da safe.