’Yan Rataye

Baballe mai burodi ne a bakin titin jirgi a Agege, kuma duk unguwar an san bakinsa. In ya laƙa wa mutum suna, ya zauna kenan.

Shekarar da aka yi rikicin huɗuba a masallacin unguwa, jama'a ta rabu biyu. Wasu suka ce a riƙa fassara ta da Yarabanci, tunda yaran da aka haifa a Legas sun fi jin sa. Wasu suka ce Hausa ta isa. Baballe yana cikin na biyun. Muhammad Sani, jagoran ɓangarensu, ya same shi a rumfa.

"Malam Baballe, mutanen nan kullum ƙaruwa suke. Rabinsu ba su san abin da suke goyon baya ba, bi kawai suke. Samo mana sunan da zai kama su."

Baballe ya gwada "’yan haka ne", bai yi armashi ba. Sai ga wata danfo, ƙaramar bas ta haya, ta wuce, mutane sun rataye a ƙofa.

"’Yan rataye," in ji shi. "Ba su san direba ba, duk inda ya nufa nan suka nufa."

Kafin Juma'a sunan ya gama unguwa. Wanda duk ya buɗe baki don goyon bayan fassara sai a ce masa ɗan rataye, a bushe da dariya, ba a jin ƙarshen maganarsa. Mutane da yawa suka dawo ɓangaren Baballe, ya kuma lura ba wanda ya tambayi hujjarsu.

Akwai Boubacar, mai gadi ɗan Nijar, wanda kullum yake sayen burodi a wurinsa. Matarsa Bayarabiya ce. A wani taro ya miƙe ya ce ’ya'yansa na zama a masallaci ba sa fahimtar komai. Aka yi masa ihun sunan har ya zauna. Daga nan ya koma yin Juma'a a Abule Egba da yaransa.

Baballe ya je har bakin get ɗin da yake gadi.

"Malam Boubacar, ba da kai nake ba."

"To da wa kake, Malam? Ni dai aka kira."

Baballe ya roƙi Muhammad Sani a daina faɗin sunan. Muhammad Sani ya yi dariya ya ce ai yanzu sunan ba na Baballe ba ne. Huɗuba ta ci gaba da Hausa kaɗai. Boubacar bai dawo ba.