Miyar da Gwamna Ba Ya Tayinta

Gwamna Ayuba mutumin Zonkwa ne a kudancin Kaduna, kuma duk da wannan suna nasa bai taɓa mulkin komai ba sai na'urorin sanyaya ɗaki. Su yake gyarawa a Dubai. Da safe motar kamfani ta kwashe shi da jakar kayan aikinsa ta kai shi saman wani bene, rana ta yi ta gasa shi domin waɗanda ke ƙasa su ji sanyi. Da yamma ya koma unguwar Satwa, gidan hayar da aka yayyanka falonsa da katako aka mai da shi ɗakuna. Kicin ɗaya ne, kowa da kusurwarsa a firji.

Abin da aka san Gwamna da shi shi ne tayi. Ba ya iya kai loma baki da mutum a kusa bai ce masa bismillah ba. Mahaifiyarsa ce ta dasa masa wannan hali. Yana yaro ta kama shi ya juya wa bango fuska yana cin dafaffen rogo shi kaɗai, ta karɓe ta rarraba wa yaran unguwa yana kallo. Tun daga ranar bakinsa ya riga hankalinsa saurin tayi.

A gida wannan ba matsala ba ce. Ka yi tayi, mutum ya ce alhamdulillahi, kowa ya kama gabansa. A Dubai ne ya tarar da mutanen da ba su san ƙa'idar ba. Ya taɓa yi wa direbansu, wani mutumin Pakistan, tayin shinkafa da kifi. Bawan Allah ya zauna ya share kwanon tas, ya tambaya ko gobe ma akwai.

Maƙwabciyar ɗakinsa Louisa ce, 'yar ƙasar Filifin, tana aiki a wani kantin magani. Ita take kiransa Kuya, wato yaya da yarensu, shi kuma ya ce mata Sista. Wata rana mura ta kwantar da shi, irin ta mai shiga sanyi ya fita rana sau ba adadi, sai ta miƙo masa kwano ta gefen labule. Ya leƙa ciki ya daɗe.

"Sista, ina miyar? Wannan ai ruwan da aka wanke nama ne."

"Sha kawai, Kuya."

Ya kurɓa. Tsamiya ce ta fara gaishe shi, sak kunun gida, sannan naman ya biyo baya, ya gane shi nan take. Alade ne. Rabonsa da shi tun Kirsimetin da ya yi a Zonkwa kafin ya taso. Ya shanye, gumi ya karyo masa, hancinsa ya buɗe. Ta ce sunan miyar sinigan.

Daga nan Louisa ta shiga uku, domin Gwamna ya ce sai ya koya. Ta nuna masa kantin da ake sayar da naman, can ƙurya a ɗakinsa na daban, da allo a ƙofa cewa na waɗanda ba Musulmi ba ne. Ta nuna masa yadda ake tafasa haƙarƙari a kwashe kumfar, a zuba albasa da tumatir su narke, a tace tsamiya, ganye kuma sai an kusa saukewa. Duk ya bi. A kan kuɓewa suka raba gari. Ita gudanta take jefawa, ba yanka ba kaɗawa.

"Kuɓewar da ba za ta yi yauƙi ba, me ta zo yi a tukunya? Yawon buɗe ido?"

"Haka ake yi."

"To bari in ɗan sa daddawa."

"In ka sa wannan abin naka mai wari, kada ka ƙara kiranta sinigan."

Ya sa. Ita kuwa da take ƙorafin wari, kwalbar ruwan kifinta in ta buɗe sai an buɗe taga. Ya kuma ƙi ci da shinkafa, ya ce shi da tuwo zai ci, ya yi ta tsoma loma a ruwa tana fitowa tsirara. Bai daddara ba. Ya shiga waya ya koyo miyar alade ta mutanen Sin mai tafarnuwa da farin barkono, ya koyo ta Koriya mai ƙashi da dankali. Ranar Lahadi, ranar hutunsa, in ya dawo daga coci, tukunya tana kan wuta har la'asar.

Abu ɗaya ne bai yi wasa da shi ba. Ya tashi da maƙwabta Musulmi, ya san iyaka. Tukunyar alade daban, da wuƙarta da ludayinta da kwanonta, har soson wankinta. Duk a cikin wata roba mai murfi suke kwana, a ƙarƙashin gado. Ya yi haka ne saboda mutum ɗaya, Alhaji Mijinyawa.

Alhaji ɗan kasuwar Kano ne, yana zuwa sarin abaya da yadi. In ya zo yakan sauka a unguwar Hor Al Anz, gidan da 'yan kasuwar Kano suka kama haya tare. Sun haɗu ne a wani ofishin kago, na masu aika kaya, a unguwar Al Rigga, Gwamna yana kan tsani yana zagin na'ura da Hausa, Alhaji daga ƙasa ya ce masa ya yi mata a hankali, ita ma baƙuwa ce. Cikin Alhaji ba ya shiri da shinkafar Indiyawa, don haka duk zuwa sai ya sauka a Satwa ya ci tuwo da miyar kuka. Shi yake kawo kukar da kilishi, shi yake kai wa matar Gwamna da yara saƙo. Lokacin da mahaifiyar Gwamna ta kwanta asibiti a Kafanchan, Alhaji ne ya tuƙo mota tun daga Kano, ya riƙe mata waya a gaban fuska har uwa da ɗa suka ga juna. Irin wannan mutum ba a samunsa a kanti.

Gwamna bai taɓa gaya masa zancen miyar ba. In ka tambaye shi sai ya ce ai ba ƙarya ya yi ba, ba a dai tambaye shi ba ne. Tsoronsa shi ne ranar da Alhaji ya ji, ya daina cin abincinsa, in kuwa aka daina cin abincin mutum, sauran zumuncin gaisuwa ce kawai.

Shi kuma Alhaji ba ya waya kafin ya zo. Ya ce shi bai ga dalilin neman izinin shiga gidan ɗan'uwansa ba.

Wata Lahadi da rana, Gwamna ya sakankance Alhaji yana Kano, don ya ce sai bayan Sallah. Sinigan ta yi yadda yake so, naman yana zamewa daga ƙashi. Ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya ajiye tuwo, ya ajiye kwano. Ƙofar gidan a buɗe take, wani yana fitar da katifa. Sai labule ya ɗaga.

"Salamu alaikum, mai girma Gwamna."

"Wa alaikumus salam. Alhaji, bismillah."

Bakin ya gama aikinsa kafin kan ya iso. Alhaji kuwa, a duk mutanen Kano, shi ne wanda bai taɓa cewa ya ƙoshi ba.

"Dama da yunwata na zo. Abin da suka ba mu a jirgi ko kyanwa ba za ta gode ba." Ya ajiye ledar kuka, ya naɗe hannun riga, ya nufi famfo.

Gwamna ya dubi taga, ba ta buɗuwa. Ya dubi ƙarƙashin gado, a cike yake. Ya ja kwanon ya tura bayansa, ya gyara zama kamar mai jiran ɗaukar hoto.

Alhaji ya dawo yana yarfe hannu, ya zauna, ya ga tuwo shi kaɗai a kan jarida.

"Ina miyar?"

"Ba ta ji gishiri ba, Alhaji."

"Kawo gishirin."

"Ta yi tsami da yawa."

"Ni da nake shan kunun tsamiya ba sukari?"

"Ta kwana."

"Gwamna, ga tururi nan yana tashi ta bayan kunnenka."

Daidai nan Louisa ta leƙo, ta ce da Turanci in baƙon zai ci akwai saura a tukunya, ta ɗauko masa kwano? Gwamna ya ce, "Sista, kalas, ya isa, je ki abinki," da wata murya da ba ta taɓa jin sa da ita ba. Ta saki labulen.

Alhaji ya daina murmushi. "Yau ni ka yi wa tayi ka janye? Ko zaman Dubai ya fara shigarka? In kaza ce kake ɓoyo, ci abarka, ni tuwon ma ya ishe ni."

A ce masa marowaci, wannan ne Gwamna ba zai iya haɗiyewa ba. Ya jawo kwanon ya ajiye a gefensa, nesa da baƙon.

"Alade ne, Alhaji."

Alhaji ya dubi kwanon, ya dubi hannunsa da ya wanke. Ya nemi tsari a hankali, ya ja da baya har ya jingina da katakon ɗakin.

"Kuma ka ce min bismillah."

"Bakina ne."

"Bakin naka ba ya shawara da kai?"

"Bai taɓa yi ba."

Sai Alhaji ya yi tambayar da Gwamna ya daɗe yana gudu. "Tuwon da nake ci a nan shekara da shekaru fa?"

Gwamna ya durƙusa ya jawo robar daga ƙarƙashin gado, ya buɗe, ya nuna masa wuƙa da soso da gurbin tukunya. Ya rantse cewa ko cokali bai taɓa tsallakawa daga nan zuwa can ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe.

"Na yarda da kai. Kai ba za ka cuce ni ba, yanzu ma na gani. Amma ka mai da ni yaro. Ni ban san kuna ci ba? Kafanchan ɗin ban je ba? Da ka faɗa min tun farko, da ni na zaɓa wa kaina." Ya miƙe ya warware hannun rigarsa. "Ga kukarka nan. Babban yaronka yana gaishe ka, ya ce ƙwallon da ka aika ta fashe."

Ya fita ko ruwa bai sha ba.

Gwamna ya zauna da miyarsa har ta huce, kitse ya kwanta a sama. Kwanakin da suka biyo baya kowa a gidan ya ji a jikinsa. Ya yi faɗa da mai barin takalmi a hanya, ya yi faɗa da firji. Ya ce wa Louisa duk ita ta jawo, da ta bar shi da murarsa da yanzu yana zaman lafiya. Ta ce ita dai kwano ɗaya ta ba shi, sauran tukwanen shi ya ɗora. Ya ɗauki waya zai kira Alhaji ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye. Me zai ce? Ya ba da haƙurin abin da yake ci, ko na abin da ya ɓoye, ko na bakinsa?

Alhaji ne ya kira.

"Gwamna, Lahadi kana hutu? Na'urarmu ta Hor Al Anz ta lalace, muna dahuwa."

Murya ce ta mai neman ma'aikaci, ko mai girma bai ce masa ba. Gwamna ya ce to. Ya fito daga coci ya ɗauki jakar kayan aiki ya hau jirgin ƙasa, yana tafe yana shirya jawabi.

Da ya shiga gidan, sanyi ya buge shi har sai da ya yi atishawa. 'Yan kasuwa suna zaune jere a kan darduma, ga dilolin abaya an tara har rufi. Ya sa hannu a gaban na'urar, ya saurari ƙararta.

"Alhaji, wannan ai lafiyarta ƙalau."

"Na sani. Cikina ne ya lalace. Biyo ni."

A kicin ga sabuwar tukunya ko takardar kanti ba a ɓare ba, ga muciya, ga garin masara, ga naman rago an yanka an wanke.

"Satwa kam na bar maka ita, kada in ɓoye maka, zuciyata ba za ta natsu ba," in ji Alhaji. "Amma ban ce na bar tuwonka ba. Yalla, yi maza, mai girma, ruwa ya kusa tafasa."

Jawabin da Gwamna ya shirya ya bi iska. Ya ajiye jaka, ya cire rigar coci ya rataye a ƙofa.

Haka abin yake har yau. In Alhaji yana Kano, Gwamna yana Satwa da tukunyarsa, suna ta jayayya da Louisa a kan kuɓewa. In Alhaji ya sauka, hutun Gwamna ya tafi. A da mutum ɗaya yake ciyarwa, yanzu gida guda, kuma kowa da ra'ayinsa. Wani dattijo mai sarin takalma, Malam Abdulmuhaimin, ba ya cin tuwo in ya yi tauri, na kusa da shi ba ya ci in ya yi laushi. Kicin ɗin ne kaɗai wurin da sanyi ba ya kaiwa a gidan.

Lahadin da ta wuce yana tsaye yana tuƙi, gumi na ɗiga ta haɓarsa, yana mita shi kaɗai cewa shi da biza ta gyaran na'ura ya shigo ƙasar nan, ba ta tuƙin tuwo ba. Alhaji ya jingina da ƙofar kicin yana ɓare dabino.

"Me kake cewa, ranka ya daɗe?"

"Na ce ko a saman bene ban taɓa shan zafi irin wannan ba."

"Sannu. Ƙara gari, habibi, akwai mutum biyu suna hanya daga Sharja."