Ranar da Jakin Meri Ya Tare Ƙofa

Har gobe ba zan manta da Larabar da Ɗan Baƙi ya durƙushe a ƙofar zauren taro ba. Ɗan Baƙi jakin meri ne, wato ma'aikatar magajin gari, ni ke kora shi da amalanken kwasar shara a wata komin, wato ƙaramar hukuma, da ke kan hanyar Konni. Ku da kuka shigo aikin daga baya, ga yadda aka yi.

Lokacin akwai kansaye zaɓaɓɓu, wato wakilan majalisar gari. Ƙa'ida ita ce sai sun zauna sun amince da harajin da za a karɓa da abin da za a kashe, sannan mai riƙe da asusu ya fidda kuɗi. In waɗanda ke zaune ba su kai adadin da doka ta ce ba, taro ya watse. Ɓangaren magajin gari suna so tikitin kasuwa ya tashi daga dala goma zuwa ashirin, a sayi motar aiki. 'Yan adawa, Alhaji Mamman a gabansu, suka ce ko tamma ba za a ƙara ba. Mutum biyu na magajin gari suna Najeriya ci-rani, saboda haka da 'yan adawa sun tashi, shi ke nan. Sau biyu suna yin haka.

Kuɗin dusa da harawa ya tsaya. Wata biyu ina ciyar da jakin daga rumbuna, har maiɗakina ta ce in zaɓa, ko shi ko tumakinta. Ga magudanar ruwan kasuwa ta cika da yashi da leda, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ruwan fari ya same ta haka, rumfunan masu hatsi zai shiga. Na kasa zama. Na je wajen sakatare, ya tura ni wajen magajin gari. Magajin gari ya ce, "Tafi wajen Mamman, shi ya hana." Alhaji Mamman ya ce, "Koma ka ce mai ya ɗaura ma jakin dusa a motar da yake mafarki." Na dawo ina duban sama.

Ranar zama na uku 'yan kasuwa suka cika zaure don kallo, aka aike ni lakwal, makarantar boko, in ɗauko bencuna. Na loda, muka taho a hankali. Daidai bakin ƙofa ƙafafun Ɗan Baƙi suka lanƙwashe. Amalanke ya kife gaba, bencunan suka zame suka toshe ƙofar, ita ke nan kuwa guda ɗaya. A daidai lokacin Alhaji Mamman ya miƙe da mutanensa za su fice.

"Kai Idi, kauda muna wanga abu!"

"Alhaji, ba ya iya tashi. Rabonsa da dusa kwana tara."

Magajin gari, wanda taubashin Alhajin ne, ya yi dariya daga kujerarsa. "To ɗan ƙauye, yau ta taga za ka fita? Da wanga tumbi?"

"Kai ka kashe shi da yunwa, ɓarawon tikiti!"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ranku ya daɗe, jakin ga ba shi da katin jam'iyyar kowa. In ya mutu, ni ba ni iya yashe magudana da kai. Shagon Alhaji da na ƙanen magajin gari kuwa layi ɗaya suke, can gangare."

Wata mai sayar da wake ta ce, "Faɗa musu, Malam Idi!" Ni kuwa na ɗauka aikina ya ƙare.

Alhaji Mamman ya dubi haƙarƙarin jakin, ya naɗe hannun rigarsa. Shi kaɗai bai iya ɗaga amalanken ba, sai da magajin gari ya sauko ya kama ɗaya gefen, suna zagin juna suna nishi. Muka kwance Ɗan Baƙi, muka ja shi inuwa. Ƙofa ta buɗe, amma Alhaji ya koma ya zauna.

Har la'asar suna ciniki kamar masu sayen sa. Aka tsaya a dala sha biyar, aka bar zancen mota, aka sa magudana da abincin jaki a gaba. Ba wanda ya fito yana murmushi. Mutanen kowane ɓangare sun ce an sayar da su.

Kwana shida muna yashewa da jakin aro, ruwa ya sauko a na bakwai. Ƙarshen layin da ba mu kai ba ya sha ruwa, buhunan gero sun jiƙe. Ɗan Baƙi ya tashi, amma bai sake ja kamar da ba.

Abin da na koya shi ne, manya in sun ja daga, ba su ke fara ramewa ba. Kuma yarjejeniyar da kowa ya fito yana gunaguni, ita ce ta kai dusa bakin jakina. Da sun yi ta tun zaman farko, da geron nan bai jiƙe ba.